Babi na Shida: Bakin Leda

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shago yana jiran a auna masa sukari ya san halin sabuwar leda. Ana zaro ta daga cikin 'yan uwanta sai ta yi gum, bakinta a manne, kai ka ce ba a yi mata baki ba. Mai shago ya murza ta tsakanin babban yatsa da manuni, ta ƙi. Ya lasa yatsa ya sake murzawa. In ta ci gaba da taurin kai, ya kai ta bakinsa ya hura mata iska, sannan a zuba maka sukarinka a kan numfashin wani. Ba mai ɗaukar wannan a bakin komai, tunda daƙiƙa biyar ce ko goma. Amma ga masana'antar da ke son cika leda dubu hamsin kafin a tashi aiki, waɗannan daƙiƙoƙin su ne matsalar gaba ɗayanta. Kwalba tana tsaye da gindinta, baki a wangale, jira kawai take a zuba. Gwangwani ma haka. Ita kuwa leda ba ta tsayuwa, ba ta riƙe siffa, kuma a rufe take fitowa daga inda aka yi ta. Arharta da rashin nauyinta su suka sa duniya ta rungume ta, su ne kuma suka sa ta fi kowane mazubi ba inji wahala.

Sinadarin da ake yin yawancin ledojin nan da shi, polietilin, kwatsam aka same shi a watan Maris na 1933, a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin ICI da ke kusa da garin Northwich a Ingila. Masana biyu, Reginald Gibson da Eric Fawcett, suna matse iskar etilin da matsi mai tsananin gaske, da suka buɗe tukunyar gwajin sai suka tarar da wani farin abu mai danƙo a jikinta. Sai a 1939 aka fara yin sa da yawa, kuma shekarun Yaƙin Duniya na Biyu a ɓoye ya yi su, ana lulluɓe wayoyin na'urar hango jiragen yaƙi da shi. Bayan yaƙin ne ya fito kasuwa. A Nijeriya ana yin sa a masana'antar Eleme da ke Jihar Ribas, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, kuma yana isowa ƙananan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa na Kano ne a buhuna, farin tsaba mai girman ƙwayar dawa.

Daga nan ake gane dalilin mannewar. A narka tsabar a cikin inji, a turo narkakken ta wata zagayayyiyar kafa, a hura iska ta tsakiya. Sai ya kumbura ya zama doguwar balan-balan tana miƙewa sama, tsayin bene ɗaya ko biyu, tana tafiya tana hucewa. A can ƙoli wasu ƙarafa biyu masu juyawa su matse ta ta kwanta, a naɗe ta a dunƙule. Fuskoki biyu masu santsi ke nan sun haɗu suna da sauran ɗumi, an kore duk iskar da ke tsakaninsu, ga kuma 'yar wutar nan da ke tashi in an goga roba, mai sa gashin hannu miƙewa. Da hunturu, in iska ta bushe, abin ya fi tsanani. Masu yin leda sukan zuba ɗan garin ma'adini a cikin narkakken don fuskar ta yi kaushin da ido ba ya gani, iska ta samu kafar shiga. Yana rage matsalar, bai kawar da ita ba.

To, yaya inji zai buɗe abin da yatsa ma sai da yawu?

Manyan gidajen burodi dabarar mai shago suka ɗauka, wato hura iska, sai dai sun gyara ledar tukuna. Ana yanka ta da leɓe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a huda dogon leɓen ƙofa biyu, a jera ɗaruruwa a kan lanƙwasasshiyar waya. Bututu ya feso iska a kan gajeren leɓen, ledar da ke sama ta kumbura, wasu cokula biyu na ƙarfe su shiga su riƙe bakin, burodi ya shige, nauyinsa ya fizge ledar daga wayar, ta ƙarƙashinta ta zama ta sama. Wasu injinan kuma tsotsa suke yi: ƙananan kofunan roba su manne a gefe biyu na ledar, a zuƙe iskar cikinsu, su ja baya, baki ya buɗe. Haka ake yi wa ledojin nan masu kauri da ke tsayuwa da gindinsu, irin na garin madara da na tumatir manya, a kan wani faifai mai juyawa inda kowace tasha ke da aikinta.

A 1962 wasu 'yan uwa biyu, Hershey da Bernie Lerner, suka zo da tasu dabarar a wani garejin mota a unguwar Queens ta birnin New York. Suka ce maimakon a raba ledoji sannan a yi ta fama da su ɗaya bayan ɗaya, a bar su a haɗe a naɗi guda, da layin hudoji tsakanin kowace da mai bi mata, amma a tsaga fuska ɗaya ta bakin tun a masana'anta. Injinsu na farko kwali ne da 'yar fanka a ciki. Ka jawo leda, fanka ta hura ta, ka jefa kaya, ka tsinke. Suka sa wa abin suna Autobag. Kamfanin da ya tashi daga wannan kwalin an sayar da shi a 2019 ga Sealed Air a kan dala miliyan 510. 'Yan kusoshi da wayoyin caja da ke zuwa mana a ƙananan ledoji, da yawansu ta irin wannan hanya suka bi.

Duk waɗannan dabaru ne masu kyau, amma a ganina wanda ya fi kowa kaifin tunani a wannan fage ya riga su da shekaru. Walter Zwoyer yana aiki ne da kamfanin alewa na Henry Heide a New York, kuma a shekarun 1930 ya yi rajistar wani inji da ya kauce wa matsalar baki ɗaya. Ba a kawo masa leda balle ya buɗe ta. Shimfiɗaɗɗen falle ake ba shi, shi ya naɗa shi ya zama leda a daidai lokacin da kayan ke zuba ciki. A zamanin Zwoyer ma polietilin bai fito kasuwa ba, da wata takarda mai sheƙi da ake yi daga itace injin ya fara aiki. Amma tsarin bai sauya ba har yau, kuma duk wanda ya taɓa shan ruwan leda a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya riƙe aikin jikan wannan injin a hannunsa.

Injin fiya wata

Shiga kowace ƙaramar masana'antar ruwan leda, bayan ka wuce rijiyar burtsatse da tankuna da tulunan tacewa, za ka iske shi a ɗaki mai tayil: akwatin farin ƙarfe, tsayinsa ya ɗan ɗara na mutum. Yawanci daga Sin ake kawo su, sunaye irin su Koyo da Dingli sun zama ruwan dare. Naɗin leda na rataye a jikinsa, an riga an buga sunan kamfani a kai. Fallen ya bi ta kan sanduna masu juyawa, ya ratsa ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya wuce wurin da ake buga masa kwanan wata, ya iso wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke naɗe shi, gefe ya haɗu da gefe. Ƙarfe mai zafi ya danna inda suka haɗu, falle ya zama bututu. Ta tsakiyar wannan bututun na leda siririn bututun ruwa ya sauko.

Can ƙasa ake yin aikin da ya fi burge ni. Muƙamuƙi biyu ne a kwance, ɗaya da zafi, suna haɗuwa suna rabuwa. Duk haɗuwa ɗaya aiki uku ce: ta rufe saman ledar da ta cika, ta liƙe gindin wadda za a cika, ta yanka tsakaninsu. Cikakkiyar ta faɗa cikin baho, tim. Famfo ya turo wani rabin litan, injin ya jawo leda daidai tsawon guda, muƙamuƙi ya sake haɗuwa. Ƙasa da daƙiƙa biyu ke nan. Inji ɗaya yakan yi kusan leda 2,000 a awa, wato jaka ɗari mai guda ashirin-ashirin, lita dubu na ruwa. A Gana talatin suke sakawa a jaka. Abin ban dariyar shi ne a ƙarshen layin sai ka tarar da samari da 'yan mata a durƙushe gaban baho suna ƙirga ashirin da hannu, suna murza bakin babbar ledar da za su zuba su ciki. An kori matsalar ta ƙofa, ta zagayo ta taga.

Ka ɗauki ledar biskit ko ta garin madara ka duba gefenta, za ka ga wani ɗan baƙin tabo mai kusurwa huɗu. Ba ado ba ne. Injin yana da idon lantarki da ke jiran wannan tabon, in ya gan shi ya san nan ne wurin yanka, don kada a raba hoton saniya gida biyu. Injinan ruwa da yawa ba su da wannan idon, tsawo kawai suke aunawa, shi ya sa ake maimaita rubutun a jere, shi ya sa kuma kake ganin sunan kamfani wani lokaci an sare masa kai.

Kafin wannan injin ya bazu a shekarun 1990, mai ƙishirwa a tasha abu biyu ke gabansa. Ko dai kofi ɗaya da ake tsomawa a bokiti kowa ya kafa baki, ko ruwan sanyi da aka ƙulla a farar leda, wadda sau da yawa da baki aka hura ta. Har yanzu haka ake ƙulla zoɓo da kunun aya a gidaje da dama. Duk abin da za a faɗa a kan fiya wata, kuma akwai abin faɗa, ya kamata a tuna abin da ya maye gurbinsa.

Rayuwar wannan sana'a kacokan tana rataye ne a kan layin liƙi da faɗinsa bai wuce 'yan milimita ba. Ba gam a ciki, ba zare. Polietilin mai laushi yana narkewa a wajen digiri 110 na ma'aunin Salshiyos, sama kaɗan da tafasar ruwa. In aka danna falle biyu da zafi, fuskokinsu suka narke suka shiga juna, da sun huce sun zama abu ɗaya. Abu uku ke yanke hukunci: zafi, da ƙarfin dannawa, da tsawon lokacin da aka danna. Zafi ya yi kaɗan, liƙin ya yi kyau a ido amma ya ɓalle da an ɗora jaka kan jaka. Ya yi yawa, ledar ta sirance a gefen liƙin ta fashe a nan. In ka ƙara wa injin gudu ka rage lokaci, dole ka ƙara zafi. Shi ya sa mai kula da inji da ya san aikinsa ba ya yarda da lambar da ke kan allo kaɗai. Bini-bini zai ɗauki guda ɗaya daga baho ya matse ta da hannu biyu, ya juya ta ya duba kusurwoyi, wani har ya ajiye ta ƙasa ya taka.

Matan da ke sayar da gyaɗa da cincin sun san wannan ilmin ba tare da allo ba. Ta lanƙwasa bakin ledar a kan bakin tsohon zarto, ta ratsa shi ta gefen harshen kyandir, ba sauri ba, ba nawa ba. Zarton shi ke ba da miƙaƙƙen layi, yana kuma shanye rarar zafin. Ta ɗan daɗe, leda ta huje ta yi baƙi. Ta yi hanzari, gyaɗa ta sha iska ta yi laushi kafin kwana biyu. Injin liƙi na hannu da ya fara maye gurbin kyandir, mai kama da abin huda takarda, siririyar waya ce a cikinsa da ke ɗaukar zafi na ɗan lokaci ta huce alhali tana danne da ledar.

A masana'anta, abokan gabar liƙi sanannu ne. Na farko wutar lantarki. In ta yi rauni, ƙarfen ya huce alhali injin na ci gaba da gudunsa, kafin a ankara an tara baho guda na masu yoyo. Don haka mai masana'anta yakan gwammace ya ƙona man janareta ko da an kawo wuta, in bai yarda da ƙarfinta ba. Na biyu shi ne ƙyallen Teflon da ake shimfiɗawa a kan muƙamuƙin don kada narkakkiyar leda ta manne masa. Wannan ma sinadari ne da aka yi tuntuɓe da shi, Roy Plunkett na kamfanin DuPont ya gano shi a 1938. Ƙyallen kan cinye, in ba a sauya shi ba ya riƙa barin ƙananan hudoji. Na uku kuwa mai gidan ne da kansa. Da kilo ake sayen leda, da guda ake sayar da ruwa, saboda haka duk sirancin da aka ƙara wa fallen riba ce a takarda. A bayan mota, kan hanya mai ramuka, ake biyan bashin.

Ruwa ma yana da sauƙin kai, domin muƙamuƙi na matse shi ya kauce daga wurin liƙi. Gari ne mugu. Ƙurar madara ko ta omo in ta sauka a wurin da za a liƙe, ta hana fuskokin haɗuwa, sai a bar 'yar kafar da ido ba ya gani, danshin damina ya bi ta nan ya dunƙule kayan. Mai da maiƙo ma haka suke yi.

Inji ba ya gyara

Cikawa ita ce ta fi sauƙin fahimta, don ba ta da nisa da abin da ake yi a kasuwa. Shinkafa da sukari da gishiri, kofuna ne a kan faifai ke cika suna juyewa. Gari kuma wani murɗaɗɗen ƙarfe ne ke turo shi, yawan juyawarsa shi ne yawan abin da ya zuba. Ruwa da tumatir da man gyaɗa, famfo ne mai shiga da fita, kuma tsawon tafiyarsa ake saitawa. Wannan saitin a hannun mai injin yake. Ledar da aka rubuta wa santilita 50 ba ta da bakin faɗin abin da aka zuba mata, kuma ban taɓa ganin mai saye ya auna ba.

Inda abin ya yi wuya shi ne kayan da ba su da girma ɗaya. A Japan manoma na son a zuba koren tattasai a leda da nauyi ƙayyadadde, amma tattasai wani babba wani ƙarami, in ka ƙara ɗaya ka wuce, in ka cire ka gaza. A 1972 kamfanin sikeli na Ishida da ke Kyoto ya fito da amsa. A rarraba kayan cikin ƙananan kwanuka da yawa, kowane da sikelinsa, sai kwamfuta ta duba waɗanne kwanuka ne in aka haɗa su za su fi kusa da nauyin da ake so, ta buɗe su kaɗai. Kwano goma na ba da haɗi 1,023, goma sha huɗu na ba da 16,383, kuma cikin ƙiftawar ido ake zaɓa. A yau irin wannan sikelin ne ke zaune a saman injinan da ke cika ledar soyayyen dankali da alewa da daskararren nama a duniya.

Me ya sa ake wannan wahala? A kasuwarmu in an auna maka mudu, ka ce a yi maka gyara, mai kaya ya ƙara ɗan hannu, kowa ya rabu da kowa da fara'a. A masana'anta gyara asara ce da ake lissafawa. A ce giram biyu kacal ke wucewa a kowace leda, injin na yin ɗari a minti, awa goma a yini. Kilo 120 ke nan aka bayar kyauta kafin magariba. Iskar da ke cikin ledar soyayyen dankali kuwa, wadda ake yawan zargin cuta ce, yawanci naitirojin ce aka hura don ta kori iskar da ke sa mai ya yi ɗaci, ta kuma hana kayan murƙushewa.

Ba kowane baki ake so a rufe har abada ba. Burodi za a buɗe a ci a mayar. A Yakima ta jihar Washington, ƙasar tuffa, Floyd Paxton ya ƙirƙiro ɗan fallen robar nan mai tsagi da ake maƙala wa wuyan leda, ya kafa kamfanin Kwik Lok a 1954. Mu a nan ƙulli ko salatif muka fi sani. Babban buhu kuma ɗinki ne nasa. A kasuwar Dawanau har yanzu za ka ga basilla da igiya, amma injin ɗinkin hannu da ake ratsawa a bakin buhu, irin wanda kamfanin Fischbein na Amurka ya shahara da shi, ya ci rabin aikin. Ɗinkin sarƙa yake yi, wanda in ka kamo zaren ta ɓangaren da ya dace zai warware zar, in ka kamo ta ɗaya ɓangaren sai ka nemo wuƙa.

Buhun siminti ne ya fi su wayo, ka duba shi da kyau: sama a rufe, ƙasa a rufe, to ta ina aka zuba? A kusurwa ɗaya akwai 'yar kafa mai harshe daga ciki. Wani mai sayar da gishiri a Amurka, Adelmer Bates, shi ya zo da wannan dabarar a ƙarshen ƙarni na 19. A soka bututu ta kafar, a hura siminti haɗe da iska ya kwarara, in kilo 50 ya cika buhun ya faɗo, nauyin simintin da kansa ya danne harshen ya toshe ƙofar. Injin da ke wannan aiki a manyan masana'antu juyawa yake da bututu da yawa a jikinsa, tsarin da kamfanin Haver & Boecker na Jamus ya fito da shi a 1960, kuma guda ɗaya na iya cika sama da buhu dubu biyu a awa. Buhunan da ke fitowa daga Obajana da Ashaka da Kalambaina duk ta kusurwa aka cika su.

Abin da injin Zwoyer ya yi wa ciniki a ƙasashenmu ya fi abin da ya yi wa fasaha girma. Sayar da kaɗan-kaɗan ba baƙon abu ba ne gare mu, ƙullin gishiri da na sukari da na omo sun daɗe suna riƙe gidaje. Mace tana cikin gidanta ta sayi kwano guda, ta ƙulla shi hamsin, yara su zo saye daga maƙwabta, ribar ta isa kuɗin cefane ko zubin adashi. Manyan kamfanoni sun jima ba su iya shiga wannan kasuwar ba, don gwangwani da kwalba sun fi ƙarfin ƙaramin ciniki. Da inji ya sa mazubi ya zama kusan kyauta, sai ƙofa ta buɗe. Madarar Cowbell da ta shigo Nijeriya a 1993 a ƙananan ledoji ita ce misalin da kowa ke tunawa: mai shayi da uwar gida suka samu madarar kofi ɗaya ba sai sun sayi gwangwani ba, sauran kamfanoni kuma dole suka biyo baya. Mai saye ya samu tsabta da tabbacin awo, ko da yake sau da yawa in ka lissafa da giram ya fi mai sayen babba biya. Ribar ƙullin kuma, wadda a da take tsayawa a cikin unguwa, wani kaso nata ya koma masana'anta. Ban ga an cika yin wannan lissafin ba in ana yabon ci gaba.

Akwai kuma amanar da muke ba liƙi, wadda ta wuce abin da ya cancanta. Liƙi shaida ce cewa ba a taɓa abin ba tun da ya bar injin. Bai ce komai ba game da abin da ya shiga injin. Ka haɗa masa ruwan kududdufi, zai liƙe shi da kyau kamar yadda zai liƙe tatacce. Nan ne aikin hukuma ya shigo. An kafa NAFDAC a 1993, kuma a zamanin shugabancin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, aka matsa wa masu ruwan leda lamba su yi rajista, har duba lambar hukumar a jikin leda ya zama al'ada. Amma fitilar kashe ƙwayoyin cuta tana tsufa, matata tana toshewa, kuma lambar da aka buga bara ba ta san halin da tanki ke ciki bana ba. Ko ruwan ya fito lafiya lau, bayan ledar ya bi ta hannun mai lodi da ƙasan mota da bokitin mai talla, kuma wannan bayan ne muke kafa wa haƙori.

Zancen shara kowa ya san shi, kwatocinmu sun isa shaida, ƙasashe irin su Bangaladash a 2002 da Ruwanda a 2008 da Kenya a 2017 sun kai ga haramta ledar cefane. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ledar fiya wata, wadda ta fi shan zagi, ita ce mai sauƙin sarrafawa. Sinadari ɗaya ce tsantsa. Shi ya sa take da masu saye da kilo: a wanke, a niƙa, a narka, ta koma tsaba, ta dawo a matsayin baƙar leda ko wani kayan roba. Ledar madara da ta omo da ta taliyar yara ba mai sunkuyawa ya ɗauka. Ka yaga ɗaya ka duba, falle biyu ne ko uku aka manna. Na waje roba ce mai jure zafi har wajen digiri 250, ita ke ɗaukar zane, ita ke taɓa muƙamuƙi ba ta narke ba. A tsakiya sau da yawa akwai siririn alminiyam mai tare haske da iska. Na ciki ne polietilin mai narkewa ya liƙe. Wannan tazarar da ke tsakanin zafin da ciki ke narkewa da wanda waje ke jurewa ita ke ba injin damar gudu ba tare da ya ƙona komai ba, ita ce kuma ke sa ba a iya narka ledar a sake amfani da ita, tunda kowane falle da nasa hali.

Kamfanoni a Turai da Asiya suna ta ƙoƙarin yin irin waɗannan ledoji da polietilin zalla, ciki da waje, don masu narkawa su karɓa. Ledar tana yiwuwa. Matsalar tana wurin muƙamuƙi: in waje da ciki duk dangi ɗaya ne, tazarar da ke tsakanin liƙewa da ƙonewa ta ragu ƙwarai, sai dai a rage gudun injin, ko a sauya masa muƙamuƙi da masu riƙe zafi daidai, ko a koma liƙi da girgizar sauti wadda ba ta buƙatar ƙarfe mai zafi. Kowanne cikin ukun kuɗi ne, kuma a kan ledar da ake sayarwa mai shayi ya juye a kofi ɗaya za a raba shi.